Dutsen da Ban Kai Malam Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai ba bawa gani, kuma Shi ne Mai karɓe shi a ranar da Ya so.

Sau ɗaya tak na taɓa zuwa garin Sant Katrin, a shekarata ta uku a Masar, lokacin ina ɗalibi, ban yi aure ba. Daga Alkahira mota tana bi ta ramin da ke ƙarƙashin mashigin Suwais, ta gangara kudu ta gefen teku, sannan ta juya cikin duwatsun Sina ta yi ta hawa har kunnuwan mutum su toshe. Garin ƙarami ne, yana kwance tsakanin jajayen duwatsu. Ko a watan da Alkahira ke tafasa, mutanensa da bargo suke kwana. Mu da muka je da sanyi mun tarar da farar ƙanƙara a kan tsaunuka, na ɗiba da hannu har yatsuna suka mutu.

Da na dawo Alkahira na rubuta wa malamina na gida wasiƙa, shafi huɗu da ajami, domin shi ya koya mini riƙon alƙalami, kuma ba ya karanta boko. Na ba shi labarin gidan ruhubanawan Kirista, masu keɓe kansu don bauta, da ke gindin babban dutsen wurin, mai ganuwa kamar ta birni, wanda wani sarkin Rumawa ya gina tun kafin zuwan Musulunci. Na gaya masa a cikin ganuwar nan akwai ɗan masallaci, hasumiyarsa kafaɗa da kafaɗa da ta coci. Akwai rijiyar da suke cewa a nan Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shayar wa 'yan matan nan biyu dabbobinsu, da wata itaciya da suke cewa daga gurbinta aka kira shi. Na faɗa masa Larabawan ƙauyen wurin Musulmi ne, kakanninsu aka kawo domin tsaron gidan, har yau su ke jan raƙuman baƙi, su ke da lambunan zaitun da lauzu a cikin kwazazzabai. Akwai matakala dubbai da aka sassaƙa a jikin dutsen har ƙololuwa, inda wani masallacin yake. A ƙarshe na rubuta cewa malamai sun saɓa a kan ko wannan ne ainihin Ɗuri Sina na cikin Alƙur'ani, Allah ne mafi sani, amma duk wanda ya tsaya a ƙarƙashinsa jikinsa sai ya yi sanyi.

Shekara goma sha huɗu suka wuce. Na gama karatu ban koma gida ba, na yi aure, muka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir ta Alkahira, ina tafinta ga mutanenmu da ke zuwa asibiti. A cikin masu zuwan nan ne wata rana Malam ya zo. Wani ɗan kasuwar garinmu ya rako shi, ya danƙa mini hannunsa a filin jirgi. Hawan jinin ido ya riga ya cinye na hagu. Na dama kuwa, ya ce mini, kamar mai leƙe ta ramin kara yake gani da shi.

Likitan mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya ce za a yi aiki bayan kwana goma sha ɗaya. Aikin yana iya tsare ɗan abin da ya rage, yana iya tafiya da shi, in kuma an bar idon haka, tafiyar tabbas ce. Na buɗe baki zan fassara, Malam ya ɗaga mini hannu. Larabcinsa na littafi ne, amma ya ji.

A cikin tasi muna dawowa, da muka wuce gada biyu, Malam ya ce, "Ɗana, masallacin nan na cikin gidan ruhubanawa, yana nan har yanzu?"

Na ce, "Yana nan, Allah ya gafarta Malam."

"Takardarka ta tsufa a wurina, duk ta yage a wurin ninki. Ina so in sa ido a kan dutsen nan kafin a taɓa wannan da ya rage. Ba hawa zan yi ba, gwiwa ba ta kai. Daga gindi ma ya ishe ni."

Sau ɗaya ya faɗa. Irinsu ba sa maimaita buƙata ga wanda suka koyar, kuma na san haka. Kwana uku tafiyar take ci, zuwa da kwana da dawowa. Na ce gobe ya huta, jibi mu kama hanya.

Sai dai labarin zuwansa ya riga ya zaga. A tsakaninmu ɗalibai, in babban malami ya sauka, ba shi ake tambaya ba, mai masaukinsa ake roƙo ya ba da shi wuni guda, a kai shi gida, a yi masa abinci, ya yi wa iyali addu'a. Shi kuma malamin ba ya ƙin amsa gayyata, domin haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa. Ƙofar a hannuna take.

Na farkon da ya zo wani babban ɗalibi ne da muke kira Yaya. Shi ya tarbe ni ranar da na fara sauka Masar, ya ba ni katifa a ɗakinsa wata shida. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki saboda matakala.

"Ustaz, jibi Malam nawa ne. Na riga na gaya wa uwargida."

"Yaya, da akwai wata 'yar tafiya da muka shirya, zuwa Sina."

"Sina? Dutsen da ke tsaye tun zamanin Fir'auna shi ne ba zai jira ku kwana ɗaya ba? Ko ka fara zama Bature ne, mai littafin alkawari?"

Na yi dariya, na ce to.

Da na ba wa ɗaya, hana na biyu ya zama raini. Wani ya ce matarsa ta haihu, Malam zai raɗa suna. Wani ma'aikaci daga unguwar Zamalik ya aiko da mota mai sanyi, direba ya yi ta jira a ƙasa, maƙwabta na leƙe. Wasu Hausawan Sudan daga unguwar Hada'iƙul Ma'adi suka zo su uku, suka ce kakansu daga yankinmu ya taso da ƙafa zuwa Makka ya tsaya a hanya, ba su taɓa zama da malamin ƙasar kakansu ba. Ta yaya zan dubi waɗannan in ce a'a? Kullum da safe in riƙe hannun Malam mu sauka hawa huɗu yana ƙirga matakala, da yamma mu hau. Bai taɓa cewa ya gaji ba. A kowane gida yakan kusantar da fuskar yara dab da idonsa na dama, ya juya ta a hankali har ya samo ta cikin ramin karan nan, ya tofa musu addu'a.

Matata ce ta tare ni a madafa ranar kwana na biyar.

"Abban yara, saura kwana shida."

"Na sani."

"Sanin naka ne zai kai shi? Tsohon nan in ya idar da salla taga yake fuskanta, ka lura? Ba abin da ke wajen sai bangon maƙwabta da shanya."

"Ki bari in sallami mutanen gobe da jibi. Na riga na amsa musu."

"Ka ce musu ni na hana. Ni ba su ba ni katifa ba."

Ban ce musu komai ba. Na tsayar a raina ranar kwana na takwas za mu tafi, mu dawo ana gobe aiki. Har na yi magana da mai mota.

Ranar kwana na bakwai muka je gwajin jini da asibiti ke yi kafin aiki. Likita ya duba takarda, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi me tsohon nan yake ci. Kusan mako guda ana ɗura masa shinkafa da nama da kayan zaƙin Misrawa da shayi mai kauri, gida bayan gida, shi kuma ba ya mayar da hannun mai ba shi. Sukarinsa ya hau inda ba a iya yanka ido. Likita ya ce daga yau kullum da safe za a kawo shi a auna, a yi masa allura, har ranar aiki.

Na ce, "Kwana uku kawai muke nema, likita. Ko a ɗaga aikin da mako ɗaya."

Ya ce, "Ma'alish, ya ustaz, sai haƙuri. Idon ba ya da mako ɗaya. Ina kuke duk kwanakin nan?"

Malam yana zaune, ya ji duka. Ya laluba sandarsa ya ce, "Tashi mu je, kada azahar ta same mu a hanya."

An yi aikin a ranar da aka sa. Ban ga laifin kowa a asibitin ba, sun yi iyakar abin da Allah ya ba su. Da aka kwance bandeji likita ya ɗaga yatsu a gabansa, ya kunna fitila, ya kashe. Malam ya ce yana ganin wani fari kamar an zuba nono a ruwa. Aka ce mu jira mako biyu. Muka jira uku. Farin ma ya dushe.

Yaya ya zo dubiya da lemo a leda, idonsa ja. Ya ce, "Yalla, tashi, Ustaz, mu ɗauki mota mu kai shi ko yanzu. Ni zan tuƙa."

Malam ya juyo wajen muryar ya ce, "Ku kai ni in shaƙi sanyi? Allah ya yi maka albarka, akwai sanyi a gida."

Ana gobe zai koma, bayan la'asar, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na roƙe shi gafara. Na ce kunya ce ta kama ni. Na ce na zaci kwanakin suna da yawa.

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ce, "Ban riƙe ka ba, ɗana. Abin da ba a rubuta wa ido ba, ba ya ganinsa. Amma tunda ka tambaya, zan gaya maka. Kullum in aka ƙwanƙwasa ƙofar nan, nakan kasa kunne in ji ko za ka ce a'a. Ni ba ni da ikon faɗinta. Da ka faɗa sau ɗaya, da na bi bayanka."

Bai jira amsata ba. Ya tambaye ni ko an ɗaure jakarsa.

Ya rayu shekara biyu bayan haka, ana jan sa zuwa masallaci, yana biya wa ɗalibai karatu da ka. Na ji labari in mutanen gari suka tambaye shi me ya gani a Masar, sai ya ce ya ga 'ya'yan ɗalibansa, masu kyau ne ƙwarai. Ba ya ƙara komai. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa kabarinsa.

Har yanzu ina wannan aiki, ina tarbar marasa lafiya a filin jirgi. Na koyi cewa a'a, har wasu na cewa zaman Masar ya ɓata ni. Ban ga amfanin da koyon ya yi wa kowa ba. Mutumin da aka buƙace ta dominsa yana ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ya yi ta kallo a kwanakinsa na ƙarshe na gani shi ne matakalar gidanmu, yana dafe da kafaɗata muna sauka zuwa wata gayyatar.