Inda Ya Sake Tsoma Alƙalami

Shekarun baya, mahaifina ya zo wurinmu ƙasar waje, a unguwar Levenshulme, neman magani. Marubuci ne a Kano, sau huɗu yana rubuta izu sittin da hannunsa. Yana cikin na biyar hannun ya fara rawa, sai ya naɗe takardun ya ce ya gama da alƙalami. Ya daina hira, abinci ma sai da lallashi. Wallahi na tsorata.

Sai wani abokina ya ce a wata jami'a a Birmingham an baje wasu warƙoƙin Littafin Allah da aka rubuta a kan fata, masana na cewa mai yiwuwa marubucinsu ya ga Sahabbai da idonsa. Na ja Baba muka hau jirgin ƙasa. Ni kuwa sarkin iyayi, na kwashe hanya ina zuba masa tarihin da na haddace daga waya. "To," kawai yake cewa.

Sai da ya yi alwala kafin ya shiga. Ya sunkuya a kan gilashin da aka rufe warƙoƙin da shi ya daɗe, har na fara jin kunyar masu layi a bayanmu.

"Zo ka gani," in ji shi. "Nan tawada ta yi kauri, nan ta fara ƙarewa. A nan ya sake tsoma alƙalami."

Ni tsohuwar fata nake kallo, shi kuwa mutum yake gani a zaune yana aiki.

"Ya sunansa?"

"Ba wanda ya sani, Baba."

"Allahu Akbar! Kuma dubi harafin nan, bai kai ɗan'uwansa tsawo ba. Bai yar da fatar ba, ya ci gaba abinsa." Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya ƙura masa ido. "Ni wane ne da zan ce sai hannuna ya daidaita?"

Washegari ya aike ni unguwar Cheetham Hill neman tawada. Ya raina wadda na samo, ya ce ruwan bunu ce, amma ya zauna ya fara gwada hannu.

Shekara uku ya ɗauka kafin ya kammala a gida. Yanzu ya rasu, kwafin yana wurina. Duk wanda ya buɗe zai gane inda rawar ta fara, kuma har yau idan na kai shafin sai na tsaya na share ido. Na duba bangon ƙarshe, inda ya saba sa sunansa a sauran huɗun. A wannan bai sa ba.