Gurup ɗin Kawu

Har yau idan na ji ƙarar janareta sai raina ya ɓaci. Ba da masu wuta nake fushi ba, ko da yake su ma sun sha zagi a bakina. Da kaina nake.

A tsakiyar shekarun casa'in likita a Kano ya ce maiɗakina tana da ciwon suga, ya ɗora ta kan allura kullum. Ya ja mini kunne cewa ruwan allurar ba ya son zafi, a ajiye shi a firji. Firji muna da shi a gidanmu na Gumel. Wuta ce sai ta ga dama. Na ce to, janareta zan saya. Amma lokacin fetur ya zama zinariya, mutum sai ya yini a layi ya dawo da jarka ba komai.

Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari na gamu da kawun maiɗakina, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama. Dillali ne, yana shigo da kaya daga Damagaram. Da ya ji abin da nake nema sai ya kama hannuna zuwa wata rumfa, ya yaye buhu daga kan wani inji ja.

"Ga gurup," ya ce, yadda mutanen can ke kiran janareta. "Wannan ba ruwansa da fetur, gas na girki yake sha. Ga tukunyarsa cike. Kai da layi har abada."

Tambaya ɗaya ce a bakina: idan gas ɗin ya ƙare, ina ake cikawa? Ban yi ta ba. Suruki ne. Ina tsugune gabansa, kaina ƙasa, takalmina a gefe. A wurinmu ba ka titsiye suruki da tambaya kamar kana zarginsa. Ya faɗi kuɗi, ban ko taya ba, na ce Allah ya sa albarka. Ni da nake buɗe bakin akuya in ƙirga haƙoranta kafin in saya!

Maƙwabcina wani Kirista ne daga ƙasar Filato, ma'aikacin ƙaramin asibiti, muna ce masa Likita. Ya leƙo ya ga ana sauke injin, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tukunyar.

"Alhaji, wannan ango ne kyakkyawa. Amma wa zai ciyar da shi? A garin nan ka taɓa ganin inda ake cika gas?"

Na ce, "Likita, kai dai ka tsaya kan allura."

Ya yi dariya ya tafi.

Ana tsakiyar bazara taransifomar unguwarmu ta ƙone. Gurup ya yi aiki kwana tara, na yi ta baza riga a ƙofar gida ina amsa barka. Rana ta goma gas ya ƙare, gurup ya yi tari ya mutu. Na ɗora tukunya a mota zuwa Kano. Mai cika gas ya juya ta, ya kira abokinsa su yi kallo. Bakin tukunyar Nijar daban ne da namu, bututunsu ba ya kama shi. Ya ce in bar ta, wani maƙeri zai yi mata baki, in dawo bayan mako. Na koma sau uku.

Duk wannan lokacin kwalaben allura suna cikin mataccen firji, a ɗakin kwano, a zafin Gumel. Idan ka buɗe ƙofarsa, hucin da zai buge ka ya fi na tsakar gida.

Likita ya tare ni a zaure. Wannan karon ba dariya.

"Alhaji, kawo maganin Hajiya. Muna da firjin kananzir a wurin aiki, inda muke ajiye allurar rigakafi. Kullum zan zo mata da na ranar."

Wallahi da na miƙa masa, da shi ke nan. Amma sai na ga kamar gari duk zai ji cewa injin Kawu ya tashi a banza, maganar ta kai Maigatari, ta kai kunnensa. Na ce, "Mun gode, an kusa gyarawa." Ya ce, "Alhaji, ba girmanka ne a cikin kwalbar nan ba, lafiyar Hajiya ce." Na ce masa baƙo ba ya koya wa ɗan gari zaman gidansa. Ni na faɗi haka, ga mutumin da ya ɗauki 'ya'yana kamar nasa. Ya sa hularsa ya fita.

Ita kuwa tana ta yin allurarta a kan lokaci, ba ta san maganin ya zama ruwa ba. Ta fara shan ruwa kamar raƙumi, tana rama. Ƙaya ta soke ta a ɗan yatsan ƙafa wajen shara, abin da ba a ko kallo, ya ƙi warkewa. Ta ce, "Alhaji, anya maganin nan bai sha zafi ba?" Na daka mata tsawa, na ce ita likita ce?

Sai da ƙafar ta fara wari muka tafi Kano. Likitan ya ɗaga kwalbar a haske, ya girgiza ta, ya dube ni.

"Ina kuke ajiye wannan?"

Kafin in buɗe baki ta ce, "A firji, likita. Maigidana har inji ya saya mini."

Na tsaya nan da babbar rigata, na bar mara lafiya ta rufa mini asiri. Suka yanke yatsu biyu da rabin tafin ƙafar.

Ta yi shekara goma sha ɗaya tana dogara sanda kafin Allah ya karɓi abarsa. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Mutane suna cewa ƙaddara ce, ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma ranar da na tsugunna a rumfar nan bakina lafiyarsa lau, kuma daga zaurena zuwa ƙofar Likita taku goma ne.