A Buga ko A Bari?

Shekarar da ruwa ya tafi da gadar garinmu, motoci suka daina shigowa, kananzir ya yi wuya, a shekarar ce muka koma yin hira a gindin murhun Kaka Dije. Babu fitila, sai garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Mu jikoki mu zagaye ta, ƙanwata Hadiza kullum tana manne da cinyarta.

Kaka 'yar maƙera ce. A bakin zugazugi ta girma, shi ya sa da wuya ka ji tatsuniyarta babu ƙarfe a ciki. Wadda ta fi sa mu ihu ita ce ta maharbi da ƙusar bindigarsa.

"Ga ta nan ta taho, ku ba ta wuri," in ji Kaka.

"Ta shigo mu ji ta!"

Wai kura ce ta addabi wani gari, tana ɗauke awaki. Maharbin garin ya tsaya gaban jama'a ya ce gobe zai kawo kanta. Ya koma gida ya kwance bindigarsa, ya goge, ya shafa mai. Ya zo mayarwa, sai 'yar ƙusar da ke ratsa wasu siraran ƙarafa biyu, waɗanda Kaka ke kira kunnuwa, ta shiga rabi ta cije. Ba gaba, ba baya. Maharbi ya ɗauki dutse.

A nan ne Kaka za ta ɗaga ludayin miya sama, ta zare ido.

"To, 'yan nema, a buga ko a bari?"

"A buga!"

Kwam! Ta doki murfin tukunya. "Kan ƙusa ya baje. A buga ko a bari?"

"A buga!"

Kwam! "Ƙusa ta lanƙwashe." Kafin bugu na uku duk mun miƙe tsaye muna tsalle. Kunnen bindiga ya ɓalle, ya yi sama, ya dawo ya cire wa maharbi haƙori. Kura kuwa ta zo ta yi abin da ta saba. Sai Kaka ta lissafa da yatsu: kunne ɗaya, haƙori ɗaya, da akuyar mai gari. Mu faɗi ƙasa muna dariya.

Wata rana Hadiza ta tambaye ta, "Kaka, in aka ce a bari fa?"

"Ai tana da wani ƙarshe daban, ya ma fi wannan daɗi. Ku ce a bari ku ji." Ta nuna ni da ludayin. "Amma muddin angon nan nawa yana wurin, ba za ku taɓa ji ba. Bakinsa ya fi kansa sauri."

Da rana sai mu haɗa baki, har da rantsuwa, yau a bari za mu ce. Amma da ludayi ya tashi sama, sai wani ya kasa daurewa, sauran mu bi shi. Haka muka yi ta yi har aka gyara gada, fitila ta dawo, hira ta watse. Kaka ta rasu ina Legas.

Yanzu a ƙasar Turawa nake zaune, a wata unguwa da ake kira Catford. Ina aiki can gaba da Croydon, a wani ƙaramin shago mai lasisi da ke gyaran bindigogin masu wasan harbi. Na daɗe shara da goge-goge ne aikina. Da na fara zuwa ajin manya a Lewisham, na soma iya karanta lambobin da ke jikin kayan aiki, sai mai shagon, wani dattijon Bature mara yawan magana, ya ajiye mini ƙasan wata bindiga a kan teburi, wato ɓangaren da kunamar harbi ke zama. Ya ce in haɗa, shi zai je ya dawo. Karon farko ke nan.

Komai ya tafi daidai sai da na zo kan wani ɗan fil mai rami a tsakiya, wanda ke ratsa wasu siraran ƙarafa biyu. Kun san abin da Turawa ke kiran su? Kunnuwa! Fil ya shiga rabi ya cije. In kunnen nan ya ɓalle, ɓangaren gaba ɗaya ya tashi aiki, ni kuma na koma tsintsiya.

Issaka, ɗan zangon Kumasi da ya samo mini aikin, ya leƙo ta kafaɗata.

"Sule, mene kana jira? Buga shi mana! Customer yana zuwa by four."

Guduma tana sama a hannuna. Wallahi murfin tukunya na ji a kunnena. Sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi, "A bari!"

"Wane ne Bari?" in ji Issaka.

Na ajiye guduma ina dariya. Na ɗiga wa fil ɗin mai, na haɗa shayi, na zauna ina kallonsa. A zaman nan ne na lura a karkace ya shiga tun farko. Na juya ɓangaren, na tokare kunnen da ɗan katako don kada ya ɗauki nauyin bugu, na nemo siririn ƙarfen tura fil daidai bakinsa, na riƙa taɓa shi ta baya a hankali. Ƙis, ƙis. Sai ga shi ya faɗo kan teburi yana gangarawa. Na yi ihun da ya sa Issaka ya zubar da biskit ɗinsa. Na sa sabon fil, ya shige sumul. Da dattijon ya dawo, ya jujjuya aikin a gaban fitila, ya gyaɗa kai, ya ajiye mini wani.

A cikin bas na kira Hadiza a Zariya.

"Ke, na ce a bari yau!"

Da na ba ta labari ta yi dariya har da tari. Na tambaye ta ko bayan tafiyata wani ya taɓa jin ɗaya ƙarshen.

"Yaya, wa zai ji? Har 'ya'yana a buga suke cewa."

Wani lokaci nakan ce ƙila ma babu wani ƙarshe, Kaka so take kawai wata rana ɗayanmu ya riƙe hannunsa. Wani lokaci kuma nakan tuna yadda take murmushi in ta sauke ludayin, in ce a'a, akwai shi, ta tafi da abinta.

Abin da na rasa ranar nan ga shi: fil ɗaya, ɗan fenti da ya kankare a gefen kunne, da shayin da ya huce ban sha ba. Sai kuma ƙarshen tatsuniyar Kaka Dije, wanda muka rasa tun shekarar gada.