Goɗiyata da Babur ɗin Taubashi

Duk wanda ya ce doki matsoraci ne, hawa kawai ya sani, bai taɓa kiwo ba. Ni na yi kiwo. Dawakai bakwai mahaifinmu ya rasu ya bari a ƙauyenmu kusa da Balan, goɗiyoyi biyar da duƙusai biyu. Da aka raba gado sai wata goɗiya kili, wato fara, ta faɗo a rabona, amma ba mu raba garken ba. In an kwashe amfanin gona sai mu sake su gaba ɗaya su bi karan dawa.

Na san halinsu sarai. In baƙon abu ya ɓullo, tsohuwar cikinsu ce ke fara ɗaga kai. Ta miƙe kunnuwa, ta yi huci, sauran su taru a bayanta, duƙusai su kutsa tsakiya. In ta juya, duk sun juya. Kuma ba sa yin nisa: su ruga kamar jifa biyu, su tsaya, su waiwayo suna kallon abin. Ranar da suka fara ganin raƙuma haka suka yi. Suka yi ta kewaye suna matsowa kaɗan-kaɗan, kafin azahar tsohuwar har ta sansana kashin raƙumi ta ci gaba da kiwonta. Doki ba ya buƙatar komai in ya firgita sai fili da ƙafafunsa.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, sa'ana ne. Tun muna yara ba ma haɗuwa a rabu lafiya. In ce masa bawana, ya ce ni ne bawan. In ɓoye masa takalmi a masallaci, ya zuba min barkono a fura. Ba mai shiga tsakani, kuma ba mai ikon yin fushi, don wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin dariyar dangi. Ya tafi Kano yana ɗinki, ni na zauna a gona.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ya sayi babur. Mu a lokacin sai mun je kasuwar Gaya muke ganin babur, dawakanmu kuwa ko ƙararsa ba su taɓa ji ba.

Goɗiyata tana da tsohon ciki, saura 'yan kwanaki. Na yi shekara biyu ina jiran wannan cikin, har Kademi na ja ta a ƙafa wurin wani ingarma. Ran nan da hantsi na sa mata dabaibayi, wato na haɗe ƙafafunta na gaba da igiya, don sau biyu tana faɗa wa maƙwabcinmu rogo, na gaji da ba da haƙuri. Na bar su suna kiwo a bakin kwazazzabo, na sunkuya ina ɗaure harawa.

Ashe taubashin nawa ya iso gari, an nuna masa inda nake. Don shaiɗanci sai ya kashe babur ɗin daga nesa, ya turo shi da hannu har bayan wata ɗorawa, taku kaɗan tsakaninsa da dawakin. Sannan ya tayar, ya murɗe shi iya murɗewa, ya danne ham. Wai ni zai tsorata.

Tsohuwar ko huci ba ta tsaya yi ba. Garken ya kwasa a guje kamar an watsa wa kaji ruwa. Tawa ta zabura za ta bi su, igiya ta riƙe ta. Ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu da wannan uban ciki, a na uku gefen kwazazzabon ya zabtare da ita. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Shi kuwa yana can yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa, "Bawa, ina mazantakar? Har damin ka yar!"

Abin da ya fi ƙona min rai, sauran shidan suna can gindin tsamiya sun tsaya cak suna kallo. Kafin mu gama ciro tawa da igiyoyi, tsohuwar ta lallaɓo tana sansanar tayar babur ɗin. Da a sake tawa take, iyakar abin ke nan.

Mai ɗori ya zo ya shafa ƙafar, ya girgiza kai, ya ce ƙafar doki ba ta mutum ba ce. A rana ta biyu ta zubar da cikin, namiji, ya cika har da gashi. A ta uku ta mutu, kanta a kan cinyata. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na rantse sai mun je gaban alƙali. Aka tara mu a zauren baffana, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa jin an kai wasan taubashi kotu? So kake a yi da mu a kasuwa?" Gwaggo kuma daga bakin ƙofa ta cafe: "To wa ya ɗaure ta? Ɗana ne ya ɗaure ta?" Kai, wannan magana! Ni na ɗaure ta, na sani, ba sai an tuna min ba. Amma dabaibayi kowa na yi, tun kakanni. Wane mai hankali ne ke laɓaɓowa bayan garke da ƙarfe mai ihu?

Taubashin nawa ya ce zai sayo min wata. Na ce ya riƙe abarsa. Baffa ya ce mu gaisa, magana ta mutu. Na miƙa masa hannu biyu, na rusuna, na ce, "Malam, an zo lafiya? Ya iyali?" Tun da aka haife mu ban taɓa gaishe shi ba.

Haka na riƙe shi. A suna, a ɗaurin aure, a zaman makoki, in ba shi tabarma mai kyau, in tambayi lafiyarsa da ladabi kamar baƙon malami. Ya jefo zolaya, in ce, "Haka ne, Malam." Ya ɓoye min hula, in tafi gida kai ba hula. Ya turo gwaggo, ya turo matarsa, na ce ni ban san laifin da na yi ba, ko gaisuwa ta zama zagi?

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya aiko a kira ni. Na je. Ya rame har ban so kallonsa ba. Ya kamo hannuna ya ce, "Don Allah ka zage ni ko sau ɗaya ne. Ka ce min bawa."

Maganar ta zo min har baki, wallahi ta zo. Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Malam." Ya saki hannuna ya juya fuskarsa bango.