Likkafanin da Bai Isa Maamobi Ba

Kano

Na bar gida ana kiran assalatu. Jiya da magariba aka bugo daga Ankara, babban birnin Gana, cewa Yaya Sani ya rasu, shi da ya yi shekara ashirin yana sayar da albasa a Kasuwar Malam Atta. Inna ta raka ni har zaure da ƙunshi a hannu: likkafanin da ta wanko da ruwan zamzam a Makka, ta ajiye wa kanta.

"A sa masa wannan," ta ce. "Ka ce su jira ka."

Mutanen Maamobi, unguwar da yake zaune, sun yarda su jira zuwa la'asar. Jirgi ya tashi ƙarfe bakwai, sa'a ɗaya da rabi muka sauka Legas.

Legas

Nan aka kashe ni da zama. An rubuta tashi sha ɗaya, sai aka ce ɗaya, sai aka daina cewa komai. Na tambayi wata ma'aikaciya, ta ce, "Ka yi haƙuri," ko kallona ba ta yi ba. Na sayi burodi da tsadar da ta ba ni haushi, na kasa ci. Ƙunshin yana kan cinyata.

Sai uku da rabi muka tashi. Legas zuwa Ankara kilomita ɗari huɗu ne, tafiyar da ba ta kai sa'a ba. Agogon Gana yana bayan namu da sa'a guda, don haka uku da rabi muka sauka. Na ji sanyi a raina, na ce ai na samu.

Ankara

Ban samu ba. Daga filin jirgi zuwa Maamobi tafiyar ƙafa ce ga mai ƙarfi, amma tasi ta maƙale a bayan motocin haya da suke kira trotro tun kafin unguwar Kanda. Direban ɗan unguwar Nima ne, da Hausarsa ta Gana.

"Cale, abokina, hanya ya cika. Ka yi salati kawai."

Mun fi sa'a a titi. Da na shiga lungun, maza na wanke ƙafafu daga ƙasar maƙabarta. Alhaji Isaka, maƙwabcin Yaya, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, mun jira har liman ya ce gawa ba ya jiran jirgi. Mun sa masa fari mai kyau."

Ban ga laifinsu ba, amma na yi kuka kamar yaro. Kwana uku na yi a ɗakin Alhaji, ana kawo mini wake da shinkafa, kuma bai yarda na taɓa aljihuna ba. Allah Ya saka masa.

Kano

Na iso gida lafiya, alhamdulillahi. Duk hanya ina shirya ƙaryar da zan yi wa Inna, amma ina buɗe jaka ta hango ƙunshin. Ta karɓa, ta shafa shi, ta miƙo mini.

"Mayar da shi cikin akwatina," ta ce. "Wannan karon ka zauna kusa."