Murya Takwas a Zare Ɗaya

Duk Agege an san Lai'atu tela ba ta sayen abu sai ta juya bayansa. Ko mijinta Dalyop, in ji ta, sai da ta duba ciki da bai kafin ta amsa masa.

Ita ta ɗauki nauyin naɗar waƙoƙin Zumuntar Mata na cocinsu. Mama Chundung, wadda ke ba da waƙa tun Lai'atu na goye, ta tsufa, za ta koma gida Jos gaba ɗaya. Waƙoƙin kuwa a kanta suke, kuma kowa na tsoron in ta tafi su bi ta.

Lai'atu ta hau motar danfo zuwa Ikeja neman sankad, akwatin nan da ke kai murya cikin kwamfuta. Mai shago ya miƙo wani mai ƙyalli, mai bakin makirfo biyu. Ta juya bayansa.

"Oga, mu ba mutum biyu ba ne. Ga mai ba da waƙa, ga 'yan amshi, ga mai kiɗan tulu."

Sai ya nuna mata wani mai ɗan rami a baya, jan haske na leƙowa. Ya ce siririyar waya ɗaya mai aiki da haske za ta kwaso makirfo takwas daga wani akwatin da ake jona su, kowace murya da hanyarta. Ta sayi akwatunan biyu da wayar.

Amma hannun tela ba ya ganin zare a sake ya ƙyale. Ta naɗe wayar tam a yatsa, wayar ta karye daga ciki. Ta koma Ikeja kunya kamar ta nutse, waya ta biyun da ta sayo kuwa riƙon ƙwai ta yi mata har gida.

A falonta aka yi naɗin, atamfofi rataye a bango don su shanye ƙarar baburan okada. Da aka gama, Lai'atu, kai ya kumbura, ta ce, "Mama, bari ki ji muryarki ita kaɗai."

"A'a, 'yata. Tawa na sha ji. Rufe ta, in ji su."

Lai'atu ta rufe. Amshi ya tashi ba jagora, baiti bayan baiti, ba wadda ta kauce. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, alfahari ya cika ta, ta share ido da bakin zane.

"To," ta ce, "yanzu kam zan iya tafiya."