Shekara Huɗu a Kan Takarda

Tun ranar da ta samu gurbin karatun sarrafa bayanai da kwamfuta a kwaleji, aka daina kiran sunanta a gida, sai Injiniya. Babanta mai gyaran agogo ne ya fara, kowa ya ɗauka.

Ɗakin kwamfutar kwalejin na da na'ura talatin lulluɓe da leda. Biyar ke tashi, ɗalibai kuwa sun haura ɗari biyu. Ranar da aka kawo wuta, mai makulli ba ya nan. Ranar da yake nan, babu wuta. Sai malami ya cika allo da umarnin da ake ba na'ura, su kwafa. Ita ba ta da ƙarfin turereniya a kan na'urori biyar ɗin, sai ta rungumi littafinta. Ta haddace komai, har inda ake sa waƙafi. Da biro ake jarrabawa, don haka ba wanda ya kama ƙafarta. Ta fito ta ɗaya.

Wani kamfanin rarraba magunguna ya kira ta gwaji. Manajan ya duba takardunta, ya jinjina kai, ya ja mata kujera gaban kwamfuta.

"Ga sunayen shagunan da muke kai wa kaya. Ware mana na kowace unguwa. Minti ashirin."

Ta san amsar, tana ganinta layi-layi a kanta. Amma yatsunta suka tsaya laluben haruffa. Ta danna wani abu, komai ya ɓace.

"Yallaɓai, a ba ni takarda, yanzun nan in rubuta maka."

"Ƙanwata, ba a takarda muke aiki ba." A hankali ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

A gida baban ya ɗago daga kan agogon da yake kwancewa. "Yaya, sun ɗauke ki?"

"Sun ce za su kira, Baba."

Sau uku haka na faruwa. Daga nan ta je wani shagon buga takardu kusa da kotu, ta roƙi mai shagon ya koya mata daga farko. Ba ta nuna masa shaidar karatunta ba. Babanta ya rasu a shekararta ta biyu a shagon, yana nan yana jiran kiran.

Bana shekararta tara a shagon. Tana buga takardun rantsuwa da na sauya suna ba tare da kallon yatsunta ba. Abin da ta haddace kuwa ya zube kaɗan-kaɗan, ba ta ma san yaushe ba. Da sanyin safiya wuyan hannunta kan riƙe, sai ta ɗaure shi da tsumma ta dubi masu jira a layi ta ce, "Na gaba."